Wa Ya Biya Kuɗin Jirgin Talakan Ingila?

Har zuwa shekarar 1824, laifi ne a dokar Ingila ƙwararren ma'aikaci, irin maƙerin injuna ko gwanin masaƙa, ya tattara nasa ya nasa ya tafi wata ƙasa ya yi sana'arsa a can. Wanda ya zuga shi ma hukunci na jiransa. Shekara goma kacal da soke wannan doka, a 1834, majalisar ƙasar ta fito da sabuwar dokar matalauta, a ciki kuwa har da sashen da ya ba kowace gunduma izinin tara kuɗi ko cin bashi don ta biya wa talakawanta kuɗin jirgi su bar ƙasar. Wanda ake cin moriyarsa a tsare shi da doka, wanda ya zama nauyi a raka shi bakin teku har da guzuri.

Daga nan nake so a fara labarin iyalan 'yan ƙwadagon Ingila da suka hau jiragen ruwa masu filafilai, waɗanda iska ke turawa, suka nufi Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu a ƙarni na 19. Ba daga nan aka saba farawa ba. Yadda tattaɓa-kunnensu ke ba da shi a yau, labarin jarumtaka ne: kaka ya yi ƙundumbala, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa biyar, suka yi wata huɗu a kan ruwa, suka sare daji suka kafa gari. Ana haddace sunan jirgin da ranar da ya sauka kamar yadda ake haddace salsala. Ban ga laifin wannan ba, kowa da kakansa yake tinƙaho, kuma jarumtakar gaskiya ce. Abin da na ƙi shi ne a tsaya a nan. A ganina wannan jirgi hanya ce da masu ƙasar Ingila suka samu ta kauce wa tambayar da ba su so a yi musu, wato me ya sa mutumin da ke noma tun asuba har faɗuwar rana ba ya iya ciyar da gidansa. Maimakon a amsa, sai aka ɗora mai tambayar a jirgi. Kuɗin kuma ba su ne suka biya mafi yawansa ba.

Sai an san yadda ƙauyen kudancin Ingila yake a lokacin kafin a gane. Hawa uku ne. Akwai mai ƙasa, wanda sau da yawa bai taɓa riƙe garma ba. Akwai manomi ɗan haya da ke biyansa kuɗin gona. Sai ɗan ƙwadago a ƙasa, ba shi da ko taki ɗaya na gona, ɗakin da yake kwana ma galibi na ubangidansa ne, ranar da aka sallame shi daga aiki ranar zai fitar da kayansa. Kakanninsa suna da hurumin gari inda suke kiwon saniya ɗaya ko 'yan agwagi, su yi itacen girki, su tsinci abin da daji ya bayar. Dokokin shinge da majalisa ta yi ta zartarwa, ƙauye bayan ƙauye, suka mayar da wannan hurumi mallakar masu hali. Ya kama zomo a dajin da uban kakansa ke farauta, ya zama ɓarawo. Da gwamnati ta yi ƙidayar masu mallakar ƙasa a farkon shekarun 1870, abin da ya fito shi ne mutum kimanin 7,000 ke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya da Ayalan gaba ɗaya.

A 1830 tura ta kai bango. Injin sussuka ya shigo ya cinye aikin da ɗan ƙwadago ke samu da hunturu, albashi kuma ga shi nan ba ya kai mako. Daga Kent bore ya tashi ya bazu kudu da gabas, ana farfasa injuna, ana cinna wa tarin ciyawa wuta da dare. Gwamnati ta murƙushe shi: aka rataye mutum 19, aka kora kusan 500 zuwa Ostareliya a matsayin fursunoni. To, duba abin da ya biyo baya. Shekara biyu bayan boren, a garin Petworth na yankin Sussex, limamin cocin garin Thomas Sockett ya kafa kwamitin fitar da mutane, babban mai ƙasar yankin Lord Egremont ya ɗauki nauyin kuɗin jirgi, gundumomi suka sayi tufafi da tarkacen tafiya. Daga 1832 zuwa 1837 sun aika mutum kimanin 1,800 Kanada ta tashar Portsmouth. A yankin Norfolk kuwa, a 1836 kaɗai mutum fiye da 3,000 suka fita da tallafin gundumominsu.

Ba na cewa Sockett mugu ne. Duk alamu sun nuna ya kula da mutanensa, jiragensa sun fi na 'yan kasuwa tsafta da tsari, kuma ya bi sawun waɗanda ya tura. Amma lissafin da ke bayan alherin a fili yake, su kansu ba su ɓoye shi ba. Masu dukiyar kowace gunduma ke biyan harajin ciyar da matalautanta. Magidanci mai 'ya'ya shida da ba ya samun aiki da hunturu nauyi ne na bana da baɗi da bayan baɗi. Kuɗin jirgi kuwa sau ɗaya ake biya. Kowane ɗan kasuwa zai gaya maka wanne ya fi araha. Akwai hanya ta uku, a ƙara albashi ko a yanka wa mutumin 'yar gonar da zai shuka dankali ya yi kiwon alade, amma wannan ita ce hanyar da ke taɓa aljihun mai ƙasa har abada, don haka ba ta cika samun masu goyon baya a zauren taro ba. Tun a lokacin akwai waɗanda suka gano abin. William Cobbett, ɗan jarida mai kaifin baki wanda ya zaga ƙauyukan nan a kan doki, ya yi ta cewa ba talakawa ne suka yi wa Ingila yawa ba, masu ci daga guminsu ne suka yi yawa.

A ɗaya gefen tekun kuma wani lissafin ake yi. Edward Gibbon Wakefield, wanda ya tsara tunaninsa yana ɗaure a kurkukun Newgate saboda sace wata yarinya 'yar masu kuɗi don ya aure ta, shi ya kawo dabarar da aka gina Kudancin Ostareliya a kanta a 1836, aka kuma bi ta a Niyu Zilan. Dabarar ita ce kada a raba ƙasar mulkin mallaka kyauta. A sayar da ita da tsada, a ɗauki kuɗin a yi jigilar leburori daga Ingila. Tsadar kuma da gangan ce, don kada leburan ya sauka yau ya sayi gonarsa gobe, a rasa mai yi wa masu jari aiki. Sai ya yi shekaru yana ƙwadago tukuna. Wato an so a kwashi ƙauyen Ingila da hawansa uku a dasa shi a wancan ƙarshen duniya. Hukumar da gwamnati ta kafa a 1840 don wannan aiki ta yi jigilar mutum fiye da 300,000 kafin a rufe ta, kuma tana tankaɗe da rairaya: ana son ma'aurata matasa masu jini a jika, da 'yan mata masu aikin gida, da takardar shaidar hali daga limami ko ubangida, da ta likita. Mai ƙananan yara da yawa ana iya mayar da shi. Tsoho da gajiyayye ba a nemansu. Gunduma na son ta rabu da raunana, ƙasar da za a je tana son ƙarfafa, talakan na tsakiya ana cinikinsa, ba wanda ya tambaye shi yadda yake son a raba ƙasar da aka haife shi a kai.

Yanzu mu sauka cikin jirgin, don a nan ne aka fara biyan kuɗin na gaskiya.

Zuwa Kanada ko Amurka mako biyar ne ko shida in iska ta yi kyau. Zuwa Ostareliya ko Niyu Zilan wata uku zuwa huɗu, galibi ba tare da an taka ƙasa ko sau ɗaya ba. Talakawa a hawan ƙasa ake zuba su, ƙarƙashin daben jirgi, inda dogon mutum sai ya ɗan sunkuya. An raba wurin uku: samari a gaba, masu iyali a tsakiya, 'yan mata a baya da wata dattijuwa mai tsaronsu, ana kulle su da dare. Gadajen katako ne hawa biyu a jere a jikin bango. Na miji da mata tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 3, in akwai na goye a nan zai kwanta tare da su. Tsakaninka da maƙwabcinka katako ne siriri da ɗan labule. Dogon tebur ya ratsa tsakiya, a kansa ake ci, a kansa ake ɗinki, a kansa yara ke koyon baƙi. An kasa mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni da mai karɓo musu rabo: naman sa da na alade da aka jiƙe da gishiri a ganga, busasshen biskit mai taurin da sai an jiƙa, wake, garin alkama, shinkafa, ɗan ruwan lemun tsami don maganin ciwon dasashi. Ruwan sha lita uku da 'yan kai ne a yini ga babba, ciki har da na girki. Wanki da ruwan teku. Ƙarfe 7 na safe kowa ya tashi, a kankare dabe, a fitar da shimfiɗa ta sha iska, ƙarfe 10 na dare kowa ya kwanta. Ba a yarda da buɗaɗɗiyar wuta a ƙasa ba, fitilun ma a kulle suke.

Wajen tsakiyar duniya iska kan ɗauke, jirgi ya tsaya cik kwana da kwanaki, zafi ya narkar da kwaltar da aka toshe katako da ita tana ɗiga a kan masu barci. In an wuce nan sai a gangara kudu sosai don a kama iskar yamma mai ƙarfi, inda ake ganin duwatsun ƙanƙara suna yawo a ruwa, mutanen da suka yi wata guda suna gumi su koma karkarwa. Idan guguwa ta taso sai a rufe ƙofofin sama a danne su, mutum ɗari uku ko huɗu su zauna cikin duhu, ruwa na kwararowa, bokitan bayan gida na kifewa, yara na kuka, har sai ta lafa.

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce dole a faɗe ta: jiragen da gwamnati ke kula da su ba makabarta ba ne ga manya. Kowanne na da likita mai cikakken iko a kan fasinjoji, kuma ladansa ya danganta da yawan waɗanda suka sauka da rai, ana biyansa a kan kowane kai. Wannan dabara ta yi aiki. A tafiyar Ostareliya, kimanin 98 cikin 100 na waɗanda aka ɗauka da tallafi sun isa. Magidanci da yawa ma a jirgin ya fara cin nama a kai a kai a rayuwarsa. Sai dai ka tambaya, biyun nan da ba su isa ba su wane ne? Yara ne, mafi yawa 'yan ƙasa da shekara biyar, musamman na goye da 'yan yaye. Abincin jirgi ba na ɗan yaye ba ne. Uwar da ke fama da amai mako uku nononta kan ƙafe. Ƙyanda ko tarin shiƙa in ya shiga wannan rami ba inda za a gudu da yaro. A 1852 jirgin Marco Polo ya yi suna a duniya don ya kai Melbourne daga Liverpool cikin kwana 68, aka yi ta yabon kyaftin ɗinsa. A wannan tafiyar yara fiye da 50 aka naɗe a tamfol aka jefa teku, yawancinsu ƙyanda ce ta kashe su. Wanda ya ce tafiyar ba ta da haɗari sosai ya yi gaskiya a lissafi, amma lissafin na manya ne.

Sannan ga ranakun da teku ke karɓar kowa da kowa. A watan Agusta 1845 jirgin Cataraqui, wanda ya taso daga Liverpool da iyalai masu zuwa Melbourne, ya daki duwatsu a gaɓar tsibirin King cikin dare, saura ƙiris ya isa. Mutum kimanin 400 suka mutu, tara suka tsira, a cikin taran nan fasinja ɗaya ne tak. Ƙauyen Tackley na yankin Oxfordshire shi kaɗai ya rasa mutum 42.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne jirgin Cospatrick, domin labarinsa ya haɗa duk abin da nake faɗa a wuri guda. A Oxfordshire ɗin nan akwai ƙauyuka da ke kewaye da tsohon gandun dajin Wychwood. Shekaru aru-aru mutanensu na rayuwa da wannan daji, kiwo da itace da ɗan naman da ake kamawa a ɓoye. A shekarun 1850 aka sare mafi yawansa aka yanka shi manyan gonaki aka ba 'yan haya. 'Ya'yan masu kiwo suka koma leburori zalla. A watan Fabrairu 1872 wani ɗan ƙwadago mai wa'azi, Joseph Arch, ya tsaya a gindin wata bishiya a Wellesbourne da ke yankin Warwickshire mai maƙwabtaka da su ya yi wa leburorin gona jawabi, ƙungiyar ƙwadagonsu ta ƙasa ta samo asali daga nan. Albashi a yankin sule 12 ne a mako, suna neman 16. Ƙauyukan Wychwood suka shiga da ƙarfinsu. A watan Mayu 1873, a Ascott-under-Wychwood, wani manomi ya kori 'yan ƙungiya ya ɗauko wasu daga waje, matan garin suka tare hanya suna lallashin baƙin su bar aikin. Alƙalai biyu, dukansu limaman coci, suka yanke wa mata 16 ɗauri da aiki mai tsanani, biyu daga cikinsu da jarirai a hannu aka kai su kurkukun Oxford. Ƙasa ta ɗauka, har aka yi musu afuwa, amma saƙon ya isa kowane gida.

Ana cikin haka sai ga wakilan Niyu Zilan suna zaga ƙauyuka. Julius Vogel, wanda ya riƙe baitulmalin ƙasar sannan ya zama firaminista, ya ci bashin miliyoyin fam daga Landan don gina layin dogo da hanyoyi, yana neman hannaye. Daga ƙarshen 1873 kuɗin jirgi ya zama kyauta. A 1874, shekarar da manoman gabashin Ingila suka haɗa kai suka kori dubban 'yan ƙungiya daga aiki, mutum fiye da 30,000 suka sauka Niyu Zilan da tallafin gwamnati. Cospatrick na cikin jiragen wannan shekara. Ya bar Gravesend ranar 11 ga Satumba da fasinja sama da 400, a ƙarƙashinsu kuma an loda kaya har da barasa da mai da fenti. Tsakar daren 17 ga Nuwamba, can kudu da ƙarshen Afirka, wuta ta tashi a gaban jirgin. Kwalekwalen ceto da ke ciki ba za su ɗauki ko rabin mutanen ba, kuma hakan bai saɓa wa doka ba, domin da girman jirgi ake ƙayyade yawansu, ba da yawan rayukan da ke ciki ba. Biyu ne suka samu tashi da mutane. Ɗaya ba a sake ganinsa ba. Ɗayan ya yi kwana goma yana yawo ba ruwa ba abinci, har na cikinsa suka kai ga cin gawar 'yan'uwansu, kafin wani jirgi ya tsince su. Mutum uku suka rayu, dukansu ma'aikatan jirgi. Kimanin 470 suka halaka. Mutum 17 daga cikinsu 'yan Shipton-under-Wychwood ne, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Ascott, kuma har yau sunayensu na jikin wani ginin tunawa da aka kafa a dandalin garin a 1878.

Ana iya cewa ƙaddara ce, wuta ba ta san talaka ba. Haka ne. Amma ba ƙaddara ce ta sare dajin ba, ba ita ta hana sule huɗu ba, ba ita ta rubuta dokar kwalekwale ba.

Wani abin da ke tabbatar mini da cewa maganar "mutane sun yi yawa" ba ta taɓa zama gaskiya tsagwaronta ba shi ne yadda bakin manoman ya juya. A shekarun 1830 su ke haɗa kuɗi a fitar da leburori. A shekarun 1870, da leburorin suka fara tafiya da ƙafarsu, kuma ƙarfafan cikinsu ne ke tafiya, sai ga manoma na kuka ana kwashe musu ma'aikata, wasu na hana wakilan hijira wurin taro. Mutum ɗaya ne, in ya nemi tallafi ya yi yawa, in ya nemi tafiya a lokacin girbi ya yi kaɗan.

To, masu tafiyar sun yi kuskure ke nan? Ko kusa. Da ni ne a Shipton a 1874, da 'ya'ya huɗu da sule 12 da ɗakin da ba nawa ba, da na sa hannu. Wasiƙun da na farko suka riƙa aikowa gida abu uku suke ta maimaitawa: ana cin nama kullum, ba mai gadin daji da zai kama ka don ka harbi tsuntsu, kuma ma'aikaci na cin abinci a tebur ɗaya da ubangidansa ba ya cire masa hula. Mutanen ƙauye ba wawaye ba ne, sun yi zargin ana gyara wasiƙun kafin a buga su don jan hankali, shi ya sa wasu kan yi alƙawarin wata alama ta sirri da 'yan'uwansu kafin rabuwa, in wasiƙa ta zo babu ita a san ba a yarda da ita ba. Wasiƙun suka zo da alamar. A Niyu Zilan leburan hanya na samun sule 7 ko 8 a yini, na kwana biyu ya fi na mako a gida. Da yawa cikin 'ya'yansu sun mallaki gona. Ko mutanen ƙauyen Tolpuddle shida da aka kora Ostareliya a 1834 don sun kafa ƙungiyar ƙwadago, waɗanda ƙasa ta yi ta zanga-zanga har aka dawo da su, biyar daga cikinsu daga baya sun tattara iyalansu sun koma Kanada da kansu. Mutanen da suka fi kowa tsayawa a kan haƙƙin ɗan ƙwadago a Ingila su ma sun auna sun ga zama ba riba. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Kuma ba duk wanda ya bar Ingila ne aka biya wa ba. Mafi yawa da kuɗinsu suka tafi, ko da wanda ɗan'uwa ya aiko, galibi zuwa Amurka, da yawansu masu sana'ar hannu ne da ba yunwa ta kore su ba. Waɗanda gundumomi suka fitar ƙarƙashin dokar 1834 'yan dubbai ne kawai a cikin miliyoyi. Na yarda da wannan. Sai dai bai rushe maganata ba, domin ko da kuɗinka ka tafi, dalilin da ya sa gona ta fi sauƙin samu a nisan wata huɗu fiye da bayan ɗakinku shi ne dai dalilin.

Gonar nan ta can kuma, ta wa ce? A nan ne labarin jarumtaka ya fi yin shiru. A 1819 majalisar Birtaniya ta ware fam 50,000, a 1820 ta kai mutum kimanin 4,000 gabashin yankin Cape na Afirka ta Kudu, ta zuba su a ƙasar da sojoji suka kori 'yan ƙabilar Xhosa daga kanta shekaru kaɗan kafin nan. An sa su ne su zama katanga tsakanin Turawa da masu ƙasar, kuma yawancinsu ba a gaya musu haka ba. A Niyu Zilan, a 1848, wakilin gwamnati ya sayi ƙasa kimanin eka miliyan 20 daga ƙabilar Ngai Tahu ta Maori, 'yan asalin ƙasar, a kan fam 2,000, kuɗin da bai kai na jirgin mutum 200 ba, alƙawuran da aka yi musu na keɓe musu isassun filaye kuma ba a cika ba. A wannan ƙasa aka kafa Canterbury, inda leburorin Ingila da yawa suka sami gonakinsu. A tsibirin arewa yaƙi aka yi, dokar 1863 ta ba da damar ƙwace eka fiye da miliyan 3 a Waikato da Taranaki da wasu wurare, ko da yake an mayar da wani ɓangare daga baya. Tun 1858 ƙidaya ta nuna baƙi sun fi Maori yawa, jiragen Vogel suka zo suka rufe zancen. A Ostareliya ko sayen ma ba a yi ba, an ɗauka ne kamar ba kowa a kai.

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaci. Mutumin da aka yi wa hurumin garinsu shinge a Oxfordshire ya haye teku ya kafa wa wani shinge. Ba shi ya tsara ba, sau da yawa bai ma san sunan mutanen da ke wurin kafin zuwansa ba, amma shi ya ci amfanin. Rigimar ƙasa da Ingila ta ƙi warwarewa a gida ba ta mutu ba, an yi mata lodi ne an sauke ta a kan Maori da Xhosa da 'yan asalin Ostareliya da Kanada. Sai a 1995 Sarauniya Elizabeth ta sa hannu a kan dokar da ke ɗauke da neman gafarar mutanen Waikato.

Ba zan iya karanta wannan tarihi ban tuna muhawarar da ake yi a Ingila yau ba. A watan Janairu 1873 jirgin Northfleet, ɗauke da leburorin layin dogo da matansu da 'ya'yansu masu zuwa Tasmaniya, yana tsaye da dare a gaban gaɓar Dungeness ta kudancin Ingila yana jiran iska, wani jirgin tururi na Sifaniya ya banke shi ya gudu. Mutum 293 suka nutse. Dungeness ɗin nan tana cikin wuraren da ake sauke baƙin haure da ke tsallako mashigin daga Faransa a ƙananan kwalekwalen roba a 'yan shekarun nan. Ba na cewa al'amuran biyu ɗaya ne. Na farko da takardu suka tafi, gwamnati ta kira su, ta biya, ta tanadar musu likita, ta kuma share musu wuri da bindiga. Na yau ba wanda ya kira su, ba kuma ƙasar kowa za su ƙwace ba, wanke-wanke da gadi suke nema. Amma idan na ji ɗan siyasa na yamutsa fuska yana cewa waɗannan ba 'yan gudun yaƙi ba ne, neman arziki kawai ya kawo su, sai in ce to, me ya kai mutanen Tackley tsibirin King? Duk wanda ya san ci-rani ya san amsar. Ƙasar da ta fitar da miliyoyin 'ya'yanta neman abinci cikin ƙarni ɗaya tana da damar tsara iyakarta yadda ta ga dama, amma ba ta da bakin mayar da neman abinci abin kunya.

A gida kuwa, hijirar ta ɗan taimaki waɗanda suka zauna, domin da hannaye suka ragu albashi ya ɗan motsa. Shi ya sa Arch, wanda da farko ba ya son a tafi, ya je Kanada a 1873 ya duba da idonsa, ƙungiyarsa ta shiga tura mutane. Amma makamin ya yanki mai riƙe da shi. Waɗanda ke tafiya su ne masu karatu, masu baki, sakatarorin rassa, waɗanda manoma suka sa wa ido suka hana aiki. Ƙungiyar da ta kai mambobi sama da 80,000 a 1874 ta yi ta zagwanyewa. Leburan gona ya sami ƙuri'a a 1884, Arch ya shiga majalisa a 1885, ƙungiyar ta mutu a 1896, ƙasar kuma tana hannun masu ita. Gidan Lord Egremont na Petworth an miƙa shi ga hukumar adana kayan tarihi a 1947, masu yawon buɗe ido na biya su shiga kallon zane-zane, zuriyarsa na zaune a wani sashe na gidan har yanzu, kuma dubban ekoki na gonakin da ke kewaye nasu ne.